Gonar da Na Share Tas

Wata uku na yi a Tawa ana koya mini aikin malamin gona. Na dawo ƙauyenmu na ƙasar Buza da hular rana, da kaye, wato littafin rubutu, mai baƙin bango, da kalma guda da na riƙe kamar laya: ɓarna. An ce mana ita ce ke talauta manomi, ba fari kaɗai ba. Malamin da ya koya mana haka, wanda muke kira mushe da Faransanci, yakan buɗe gwangwanin sardin da rana, ya ci rabi, ya wurga saura bayan aji. Ban ga laifinsa ba a lokacin, don shi da Faransanci yake tasa ɓarnar.

Shekarar ita ce wadda ruwa ya dawo bayan babban farin da ya cinye mana dabbobi. Na shiga gida da zafin gyara, sai na rasa abin gyarawa. Ruwan da Inna ta wanke gero da shi na awaki ne. Dusa ta kaji ce. Tokar murhu a tace ta a sa a miya. Zane in ya tsufa ya koma gammo, gammo ya koma tsumma, tsumma ya ƙare a lagwanin fitila, fitilar ma gwangwanin tumatir ce. Takalmin Baba tsohuwar tayar mota ne. Sati biyu ina zagaye gida da kaye da alƙalamin bik ban rubuta ko layi ɗaya ba. Takardun darasin tattali da aka raba mana ma, Inna ta tambaye ni ko na gama da su, tana so ta ƙunshe kanwa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya yi karatu, a ce babu jahili ko ɗaya a gidansu da zai wayar wa kai?

Sai kaka ta zo, Allah ya dube ni. Muna yankan gero ni da Baba, na lura yana tsallake zangarniya. Nan ya bar ɗaya, can ya bar biyu, musamman ta gefen gabas inda hanyar ƙafa ta bi. Wani lokaci ma sai ya yanka, ta faɗi, ya wuce abinsa. Wannan fa mutumin ne da idan ƙwayar hatsi ta faɗi a tsakar gida sai ya duƙa ya tsince. Na ce a raina tsufa ya kama idonsa. Na tausaya masa kaɗan, amma gaskiya murna ta fi yawa, don ga ɓarna a gonar ubana, kuma ni na gano ta.

Da muka gama ɗaurin dami, Baba ya tafi Sabon Gida gaisuwar mutuwa, zai kwana biyu. Ni kuma na ɗauki buhu na koma gona. Kunya bayan kunya na bi ta, ban bar ko wadda tsuntsu ya fara ci ba. Yini biyu bayana na ciwo, na haɗa dami uku cif. Na jingina su a bakin rumbu inda duk mai shigowa zai gani, na zauna na cika shafi biyu na rapor, rahoton da zan kai wurin aiki. Inna ta dubi damman, ta dube ni, ta buɗe baki, sai ta fasa. Na ɗauka mamakin ƙwazona ne ya hana ta magana.

Washegari na koma gona don in ƙara kallon aikina, sai na tarar da Gwaggo a ciki. Ba ƙanwar Baba ba ce, haka dai duk muke kiranta. Tsohuwa ce da ke zaune a ƙarshen gari da jikarta guda. Mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi kudu lokacin fari, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kuma ba su da gona. Kakanninta a ƙarƙashin wasu suka rayu, sai abin da aka miƙo musu suke ci. Shi ya sa kowa ya san halinta: ba ta karɓar sadaka, ko ta Salla ce. Ita ta goye ni lokacin da Inna ta yi doguwar jinya.

Tana tafe a duƙe da ƙwarya a hannu, tana ɗaga kara tana dubawa. Na leƙa ƙwaryar, babu komai.

Ta miƙe da ƙyar ta ce, "Ɗana, bana gonag ga ta yi tsabta."

Na ce, "Awo, Gwaggo, ni na gyara ta." Har da murmushi na faɗa.

Ta ce, "Sannu da aiki." Ta ci gaba da ɗaga kara har rana ta take, sannan ta tafi.

Da Baba ya dawo ban bari ya sha ruwa ba, na ja shi bakin rumbu. Na yi masa bayani a hankali yadda ba zai ji kunya ba, na ce laifin shekaru ne, akwai likitan ido a Tawa.

Ya daɗe yana kallon damman. Ya ce, "Idona lahiya lau. Daga nan ina ganin ƙudan da az zaune bisa hulakka. Wa yac ce maka mantuwa niy yi?"

Ya nuna damman, ya ci gaba.

"Kala ta, yaro. Abin da mai gona ya bari baya, ba nashi na ba kuma. Ubana haka shika yi. Tsohuwag ga in ka kai mata hatsi, maido ma takai. In ta tsinta da hannunta, guminta na. Wanga da ka tara, shi taka haɗawa da na wasu gonaki ta kai bazara."

Na san kala mana, wa bai san ta ba? Abin da ban taɓa sani ba shi ne da gangan ake zubar da ita. Ba a koya mana wannan ba a Tawa.

Na ce abu mai sauƙi. Na ɗora dami a ka na nufi gidan Gwaggo. Ta tarbe ni da fara'a, ta ba ni ruwa, amma ba ta bari na sauke ba.

"Ni ban roƙa ba, ɗana. Abin da ad ƙasa shi nika ɗauka. Wanda anka ɗauko bisa kai, sunanai daban na. Maida wa babanka."

Na koma da shi ta tsakiyar gari, mutanen da ke gindin itacen bedi suna yi mini sannu da kaya.

Kwana biyu suka rage a saki shanun Fulani cikin gonaki, kamar yadda ake yi kowace shekara don su ci kara su bar taki. Don haka da sassafe na kwance damman uku na mayar gona na watsa. To, hannun ɗan lakwal ne, ɗan boko. Taku biyar in ajiye ɗaya, taku biyar in ajiye ɗaya, duk kawunansu na kallon gabas, kamar yara a layin shiga aji. Na ɓuya bayan wani gawo ina jira.

Gwaggo ta zo wucewa ta hanyar ƙafa, ta tsaya. Ta dubi layin farko har ƙarshensa, ta dubi na biyu. Ko duƙawa ba ta yi ba. Ta gyara ƙwaryarta ta wuce gonar gaba.

Na bar su a nan, ina cewa gobe za ta sauko. Ba ta sauko ba. Shanu suka shiga suka cinye dami uku kafin azahar. A iya sanina, ita ce ɓarna ta farko da aka taɓa yi a gonar Baba. Raporna kuwa ya samu yabo a biro, wato ofishinmu, har aka ce in je in bayyana dabarar a garin Allakaye. Na ce ba ni da lafiya.

Bazara ta yi tsanani a shekarar. Wata rana da la'asar ina zaune a zaure sai ga Gwaggo ta yi sallama, da 'yar ƙwarya a ɓoye ƙarƙashin mayafi. Ta shiga wajen Inna. Ina jin su. Gwaggo ta yi mata sannu da zafi, ta tambayi awaki, ta tambayi ƙafar Inna, ta sake komawa kan zafi. Maganar da ta kawo ta ta ƙi fita. Can na ji muryarta ta yi ƙasa, ta ce jikarta ce, tun jiya ba ta sa komai a ciki ba. Inna ba ta bari ta ƙarasa ba, na ji an buɗe rumbu.

Na so in tashi in gudu, amma na makara. Gwaggo ta fito da ƙwaryar a rufe, ta iso inda nake. Na yi fatan ta zage ni, wallahi da na ji sauƙi. Sai matar da ta goye ni a bayanta ta rusuna a gabana, idonta a ƙasa, ta ce, "Mun gode, mushe. Allah shi saka."

Na haura sittin yanzu, har yau ban san inda zan ajiye wannan godiyar ba.