Shekarar da Ruwa ya Guje wa Malam Jibrin

Malam Jibrin mutum ne mai tsara al'amuransa, ko in ce mai ganin ya iya tsara su. Ni tela ne, shagona na kallon bakin ruwa a Yelwa, kuma mun daɗe muna maƙwabtaka da shi tun Yawuri na cikin Jihar Sakkwato. Saboda haka in na zolaye shi a nan, hakkin maƙwabtaka na ci.

Malamin asibiti ne. Ya yi shekaru yana aiki can wajen Gusau, sai matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Zuliha, yarinya 'yar shekara bakwai ko kusa da haka. Ya roƙi a mai da shi gida kusa da mahaifiyarsa, aka ba shi wani ɗan asibitin sha-ka-tafi a wani ƙauye da ke hayin ruwa. Kowa zai ce ai shi ke nan, ya kwashi uwa da 'ya su tare can. To, Inna ta ƙi. Garinsu na asali yana ƙarƙashin tafki tun da aka datse ruwa a Kainji, da gidajensa da itatuwansa da maƙabartarsa, kuma tun daga lokacin ba ta sake sa ƙafa cikin jirgi ba.

"Ba ni bi ta bisa kushewar ubanku," abin da take faɗi ke nan, kuma ba ta ƙara komai a kai.

Dole ya zauna da ita a gidan da take, can ƙarshen gari wajen tudu. Yana idar da sallar asuba zai kamo hanya a ƙasa don ya tarar da jirgin inji mai ƙetarar da 'yan kasuwa, ba zai dawo ba sai bayan magariba. Ga idon Inna ya fara rauni. Makaranta ta yi wa Zuliha nisa, yau ta je, gobe ba ta je ba, kanta kuwa sai ya yi makonni ba kitso.

Da yayarsa Rakiya ta zo daga Kwantagora, kan yarinyar kawai ta duba ta kira shi gefe.

"Jibrin, wanga ba riƙo ba ne. Ka ba ni ɗiyar ga in tahi da ita."

"Yaya, ita kaɗai ta rage mani."

"Na sani. Amma ka hita tana barci, ka komo tana gyangyaɗi. Ita wa ya rage mata?"

Ya roƙe ta ta ba shi lokaci ya sake gida. Ta ce ta ba shi zuwa damina, in ta dawo ta iske yarinyar haka, ba shawara za ta yi da shi ba.

Cikin sanyi ya shiga neman gida, unguwa-unguwa, har ya faɗo tamu. Gidan da ke jikin shagona babu kowa a ciki. Daga zaurensa mutum na iya jin an tayar da injin jirgi, ya ƙarasa kokonsa, ya kuma samu wurin zama. Bayan gidan kuma ga makarantar firamare mai rufin kwano da tuta da ƙararrawa. Ya tambayi rijiya, ya tambayi ko ɗaki na yoyo, ya tambayi halin maƙwabta. Abu ɗaya ne bai tambaya ba, domin a ganinsa ya riga ya san amsa. Ya dubi ruwa cike har gindin mangwaro, ya ce a ransa, in da rani yana nan, ai da damina sai ya leƙo zaure. An ce matambayi ba ya ɓata, amma ɗan ruwan da ya girma a tudu kunyar tambayar ruwa yake ji.

Watannin farko sun yi daɗi, ni ma na ji masa daɗi. Da safe ya raka Zuliha ƙofar makaranta, ya dawo a hankali ya shiga jirgi. Da la'asar ya sauka ya same ta a gaban shagona tana tsintar ƙyallaye. Har ƙiba ya fara yi.

Sai bazara ta shigo, ruwa ya fara ja da baya. Tafkin nan ba halin kogin da ya sani yake da shi ba: da sanyi yake cika, ya yi ta raguwa har damina ta kankama. Masu jirgi suka bi shi, masu sayar da kifi da masu abinci suka tumɓuke rumfunansu suka bi masu jirgi. Inda Malam yake shiga jirgi ya zama fili, shanu na kiwo. Kowane mako tasha na ƙara nisa, har ta koma ɗan ɗigo can ƙarshen gani. Da aka yi ruwan farko sai filin ya zama taɓo, mutum ya tuɓe takalmi ya naɗe wando yana ciro ƙafa da ƙyar. Malam ya koma fitar asuba da dawowar magariba, kamar bai taɓa sake gida ba.

Wata Juma'a ya zauna a bencina ya ce, "Tela, wai ruwan ga yaushe zai komo?"

"Sai damina ta yi nisa, Malam. Kowace shekara haka shi kai."

Na so in yi dariya, amma da na dubi fuskarsa sai tausayi ya kama ni, na ci gaba da taka keke.

Rakiya ba ta saɓa alkawari. Ta zo, ta kwana biyu tana kallon fitarsa da dawowarsa, sannan ta fara ninke kayan Zuliha cikin jaka. Na shiga kai ɗinkin Inna na tarar da su a tsakar gida, Malam ya sunkuyar da kai. Yarinyar ce ta matso ta dafa gwiwarsa.

"Baba, can wurin aikinka babu makaranta?"

Akwai, kuma sau da yawa ya sha yi mana ba'arta: rumfar zana, yara a ƙasa, malami ɗaya da allo jingine da itace. Ba irinta ya so wa 'yarsa ba. Duk da haka ya ce, "Akwai."

Rakiya ta ajiye rigar da ke hannunta. "Kullum ka sa ɗiya cikin jirgi? Gaya wa Inna da bakinka."

Duk muka dubi tsohuwa, kuma ni dai na riga na yanke cewa magana ta ƙare. Inna ta juya fuskarta wajen da ruwa yake, ko da yake ba gani take sosai ba.

"Ni na yi rantsuwa, ba ita ba," in ji ta. "Ta tahi. In kunka kai tsakiya, Jibo, ka gwada mata inda kakanta yake, ta yi mai addu'a. Ni na kasa."

Rakiya ta zazzage jakar, ta jawo yarinyar tsakanin ƙafafunta ta fara tsefe mata kai.

Tafiyar Malam Jibrin ba ta ragu da taku ɗaya ba, kuma bai bar gidan ba har ya ajiye aiki. In ruwa ya cika, su fito daga zaure su faɗa jirgi. In ya janye, in hango su da sassafe cikin fili, takalmansa a hannu, Zuliha a wuyansa tana riƙe da jakar maganinsa. Mai jirgin ma ya saba. In sun kai tsakiyar ruwa yakan rage wuta ba tare da kowa ya ce masa ba, sai yarinyar ta yi wa kakanta addu'a ta shafa.