Hutun da Na Yi a Gonar Gandu

Yayana bai taɓa yarda tuƙi aiki ne ba. A wurinsa duk wanda ke zaune bisa kujera da rufi a kansa hutawa yake yi, ko daga Agadas ya fito. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya ba ni shekara tara, kuma tun rasuwar babanmu gandun gidanmu na Tsarnawa a hannunsa yake. Matata da 'ya'yana uku daga rumbun nan suke ci. Ni kuwa siminti nake ɗauka daga Malbaza, in kai Tawa, wani zubin har gaba.

Kamfanin jigilar da nake wa aiki yana da doka: in ka dawo daga doguwar tafiya, sai ka kashe mota ka kwanta yini guda da kwana kafin ka sake yin lodi. Har wata 'yar na'ura suka liƙa ƙarƙashin sitiyari, mai gaya wa buro, wato ofishin kamfani, lokacin da mota ta tsaya da lokacin da ta tashi. Ni da bakina na roƙa a bar ni in riƙa yin hutuna a gida, tunda garinmu a bakin hanya yake. Aka yarda. Wautar da na yi ke nan, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Da rani lafiya lau. Ana yin ruwan shuka, magana ta canza. In iso da hantsi, idanuna kamar an watsa barkono, bayana ya ƙage, ko takalmi ban cire ba sai in ji yaya a tsakar gida yana tambayar matata ko maigidanta ba shi da lafiya ne. Ya sani sarai lafiyata ƙalau. So yake maƙwabta su ji. A garinmu ƙato ba ya kwanciya da rana a damina, sai majinyaci ko raggo, ga kuma mota ƙatuwa a ƙofar gida tana shaida wa kowa ina ciki. Na ce in ɗauko masa 'yan ƙwadago su yi rabona, ya ce gonar ubansa ba ta zama marainiya ba. Haka zan saɓa hauya in bi shi, a yi noma har rana ta faɗi. Kafin kiran sallar fari kuma na tashi mota, don in samu layi a masana'antar siminti.

Sau huɗu na yi haka a noman farko. Na biyar ne ya kusa kai ni gidan kaso.

Bayan azahar ne, na wuce Badagishiri da cikakken lodi. Na ci goro har haƙorana sun gaji, na watsa wa fuskata ruwa, na ƙure rediyo. Ban san lokacin da idona ya rufe ba, wallahi ban sani ba. Ƙarar tsakuwa ce ta farkar da ni, mota ta bar kwalta, ga wata Bafillatana a gabana da ƙwaryar nono a ka da goyo a baya. Allah ne ya ba ta sa'ar faɗawa cikin kwari. Tayar baya ta bi ta kan ƙwaryar. Da na sauko sai na zauna a ƙasa. Matar ko zagina ba ta yi ba. Ta kwance goyon tana juya yarinyar, tana duba hannu, tana duba ƙafa, jini na zuba daga gwiwarta ita kanta ba ta kula ba. Jandarma suka zo, suka riƙe takarduna har washegari.

A buro, matar da ke kula da hutun direbobi ta duba na'urarta ta ce ai na huta cikakke, ko minti ban rage ba. Ta tambaye ni gatsal ko ƙwaya nake sha. Raina ya ɓaci, na shimfiɗa mata tafukan hannuna bisa tebur, duk sun yi bororo sun fashe. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe mota ce ta huta, Malam, ba kai ba," in ji ta.

Aka dakatar da ni sati biyu, da gargaɗin in aka kuma, in ajiye makulli har abada.

Na koma gida a motar haya. Na tarar da yaya yana wasa hauya, Inna na gefe tana tsince wake. Na ba su labari duka, har da yarinyar da ke goye. Na zaci ko sannu zan samu. Ya gwada kaifin hauyar da babban yatsa, ya ce:

"To madalla. Sati biyu ya ishe mu maimai."

Abin da na faɗa masa ranar ba zai rubutu ba. Na ce masa mugu, na ce da gawata aka kawo da sai ya tambaya ko an taho da hauyata. Ya ce tun ina yaro raggo ne ni, mota na samu na ɓuya a ciki. Mutane suka cika zaure. Shi bai ƙona mini rai kamar Inna ba. Na durƙusa gabanta na ce ta faɗi gaskiya tsakaninmu, ita da ta haife mu. Ba ta ɗago kai daga waken ba.

"Yayanka ne. Ubanku bai taɓa kwana da rana ba."

Ban je maimai ba. Sati biyun nan barci na yi, ƙofa a buɗe, kowa ya leƙo ya gani. Da kaka ta yi, yaya ya aiko a gaya wa matata rumbu na waɗanda suka yi noma ne. Na kwashe iyalina zuwa ɗakin haya a Malbaza, na je buro na ce a canza mini wurin hutu.

Yanzu a kasuwar Konni nake sayen hatsi, ni da aka haifa a gindin rumbu. Mutanen garinmu suna cewa mota ta sa mini girman kai, su yi ta faɗa. Inna ta aiko sau biyu wai in tsaya ko ruwa in sha. Na aika mata da turmin atamfa da sukari, na ce a gaya mata ina gaishe ta. Damina uku ke nan ina wuce ƙofar gidanmu, wani lokacin ina hango ta zaune a bakin zaure, kuma ban taka birki ba.