Katakon da Na Tsinta a Fadama

Mahaifina mai waƙa ne, irin waƙar wa'azi da ake rubutawa da ajami, malamai su yi ta kwafa. Ni kuwa malamin awon gyaɗa ne a Malam Madori zamanin Nasara, kullum ina tsaye gaban sikeli har ƙafa ta kumbura. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ya faɗi haka bai gan ni ba. Na sha gwada baiti, ko ɗaya bai tsaya da ƙafarsa ba. Ga shi ba abin da nake so a duniya kamar tsohon nan ya saurari wani abu nawa ya ce ya yi.

Da na rasa maganar kaina, sai na koma tsintar ta mutane. Guntun jaridar da aka naɗe mini tsire, yagaggiyar sanarwar tasha, takardar gargaɗin duba-gari, duk sai in yanke layin da ya yi mini in jefa aljihu. Matata ta ce na zama kaza.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya ya cinye shinkafar mutane, ina komawa gida Haɗeja bayan ruwa ya janye, na ga ɓallin katakon kwale-kwale kwance cikin laka a fadama. An ƙona rubutun ajami a jikinsa da ƙarfe mai zafi. Na wanke shi, na jera yanke-yankena daga sama da rubutun, na manna da ƙaro. Ga yadda farkon waƙar yake:

A rufe rijiya, a kashe sauro.
Ba a hawa jirgi yana tafiya.
An ce yaƙi ya kusa ƙarewa.
In na daɗe, ba mantuwa ba ce.

Layin ƙarshen nan shi ne na katakon, shi na mai da amshi. Na kai wa Baba a zaure, na karanta masa har ƙarshe.

"Wanne ne naka a ciki?"

"Jerin, Baba."

"Tsintacciyar mage ba ta mage," in ji shi. "Amma ka san hukuncin tsintuwa. A yi cigiya shekara guda, in mai abu bai zo ba, ya zama naka. Je ka yi, sannan ka dawo in saurara."

Har yau ban sani ba ko zolayata yake yi. Na ji haushi ƙwarai, kuma haushin ne ya sa na ɗauke ta da gaske. Duk ranar kasuwar da na samu sarari, sai in saɓi katakona in tsaya wajen masu kifi in karanta, in ce ko da mai shi. Yara su yi dariya, wani mahauci kullum sai ya ce sauron nasa ne. Na gaji da kaina, na gaji da katakon, amma na ci gaba, ina lissafin lokacin da zai halatta gare ni.

Shekara ta kusa zagayowa, rannan wata tsohuwa mai tallan busasshen kifi ta sauke ƙwaryarta a gabana.

"Ɗan nan, maimaita mini na ƙarshen."

Na maimaita. Ta ce ɗanta masunci ne, yakan bi kogi ya yi gabas ya daɗe, ita kuma ta yi ta mita. Shi ne ya sa wani malami ya rubuta masa wannan a jirginsa don ya tsokane ta. Tun ambaliyar nan bai dawo ba, mutane suna ce mata ya yi aure ne a can ya manta da ita.

Ba ta iya karatu ba. Ta karɓi katakon, bakinsa ta shafa, wajen da ya tsage.

"A haka ka same shi?"

"A haka, Iya. Cikin laka."

Ta daɗe tana shafawa. Can ta ce, "To, ashe ba mantuwa ba ce." Sai ta miƙo mini shi. "Cire mini tarkacen nan."

Na tsuguna na ɓamɓare takarduna da farce, ƙaro ya kama, wasu suka yage. Ina jin tausayinta, ina kuma jin baƙin cikin waƙata, ba zan ɓoye ba. Ta ɗora katakon bisa ƙwarya ta tafi.

Da na je gaida Baba ya ce ina waƙar. Na ce mai ita ta zo. Ya ce in karanta abin da ya rage. Na zaro guntayen daga aljihu na karanta layi uku, na tsaya. Sai na ga tsohon ya buɗe baki zai ja amshin, ashe yana kansa tun ranar farko. Ya rufe bakin.

Bai ce ta yi ba, ni ma ban tambaya ba. Washegari na koma kan sikeli.