Hannu Ɗaya a Akushi

Yanzu a rumfar mai tuwo-tuwo nake cin abinci, nan bakin tasha, kafin a hau gada. Da safe koko, da rana ɗanwake in an samu, da almuru tuwo. Mutum da furfura a gemu yana tsugune tsakanin yaran mota da masu koro shanu kasuwar Juma'a, yana lasar yatsa kowa na gani. A Wudil magidanci ba ya haka. Na sani, ba sai an gaya mini ba. Waɗanda suka san ni in sun zo wucewa sai su kawar da kai, wai kada in ji kunya. Su riƙe abarsu, ni tawa ta ƙare.

Gyaran keke nake yi. Elemantare aji biyu na yi, ubana ya cire ni ya ce gona ta fi. Abin da na tsira da shi ke nan, ina iya haɗa baƙi, shi ya sa nake rubuta wannan da hannuna. Ban sa ran zai gyara komai ba.

Da ina da gida kamar kowa, a Sabon Gari, da mace guda, 'yar Achika. Haihuwa mun yi, ba su zauna ba. Abin da Allah ya bar mata shi ne hannun miya. Kukar da kowa yake kaɗawa ita take kaɗawa, daddawar kasuwa ɗaya ce, busasshen kifin bakin kogi ɗaya ne. Amma in ta daka kifin nan da barkono, ta burga kuka, ta yaryaɗa man shanu a kan tuwon dawa, mai wucewa ta bayan katanga sai ya rage sauri.

A unguwarmu ciyayya muke yi. In an sallame magariba kowane magidanci zai shiga gida ya ɗauko akushinsa, mu haɗu a dakalin ƙofar gidan liman. Ba a buɗe su gaba ɗaya. A jawo guda a sa a tsakiya, kowa ya sa hannu, in an gama a jawo wani. Wanda yake jawowa kullum maƙwabcina ne, mahauci, mutum mai ƙaton ciki da ƙaton baki. Nawa yake fara miƙa wa hannu.

"Mai keke, turo mana na 'yar Achika tun muna da wurin zuba shi."

Kuma sai an yi santi. Wata rana mahaucin nan yana tsakiyar loma, miya na bin gwiwar hannunsa, ya juya ya dubi liman, fuska ba wasa, ya ce, "Allah gafarta Malam, wai shin kifi yana jin ƙishirwa kuwa?" Dariya har wani ya ƙware. Liman da kansa ya taɓa yi, yana ci ya fara ba mu labarin wani jaki da ya mutu tun yana yaro, ya ce jakin yana da hankali, ba wanda ya tambaye shi.

Ita kuma wannan take jira. In na shigo za ta tare ni a bakin madafa, ta karɓi akushi, ta ɗaga faifai ta leƙa, sannan ta ce, "Malam, an yi santi?" In ba ta labari, ta yi dariya ta rufe baki da gefen zane. Mace ce da ba ta fita. Ba ta san fuskar yawancin masu cin tuwonta ba. Akushin nan shi ne yake fita a madadinta, ya dawo mata da labarin gari.

Wata rana da la'asar na dawo gida ɗaukar abin hura taya, na tarar tana tuƙi. Tuwo yana tafasa yana tsalle, wani ya fallatso ya zauna mata a bayan hannu, yana tururi. Ta ci gaba da juya muciya tana tambayata ko zan sha fura.

Na ce, "Ke! Hannunki!"

Ta duba. Yadda ta kalli hannun nan, kamar na wata ne aka ajiye mata. Ta share, fata ta biyo. Ta ce ba ta ji komai ba.

Dama akwai wani tabo ja-ja a damtsenta, mun ce kyasfi ne. Muka ci gaba da cewa kyasfi ne. Aka sha saiwa, aka sha rubutu, wanzami ya yi tsaga. Sai matar mahauci ta shigo aron rariya, ta tsaya tana kallon hannun da ya miƙo mata. Ba ta dawo da rariyar ba har yau.

Ban manta magaribar da abin ya fara ba. Na ajiye akushi inda na saba. Mahauci ya miƙa hannu, ya tsallake nawa, ya jawo na wani dillali wanda miyar gidansa kamar ruwan wanke tukunya take. Aka ci. Aka ci na liman, aka ci na mahaucin. Da ya rage saura nawa sai liman ya yi gyatsa ya ce alhamdulillahi, kowa ya shiga suɗe yatsa.

Na ce, "Ga namu fa."

"Ai mun ƙoshi, mai keke. Allah ya yi albarka."

Kashegari ma sun ƙoshi. Aka yi ta ƙoshi. Mutanen da na san su suna kankare gindin akushi da farce, yau ga su duk cikinsu ya tsuke. Ran nan na kasa haƙuri na ce wa mahauci, "Kai kuma yaushe ka koyi ƙoshi?"

Ya ce, "Wallahi basir ke damuna, an hana ni kuka."

Na ce, "Ta gidan Malam da ka shanye yanzu fa, zuma ce?"

Liman ya jawo carbinsa ya ce, "A yi haƙuri. Allah shi ne mai magani." Ban ce musu wani ba shi da lafiya ba. Daga nan na san kowa ya sani. Har aka gama, ba wanda ya buɗe baki ya ce kuturta. Da sun faɗa da ya fi mini.

To ga akushi cike, ga mace tana jira a bakin madafa. Zubar da abinci ban iya ba, ba a haife ni a gidan da ake haka ba. Akwai wani kango tsakanin gidan liman da nawa, nan nake shiga in tsuguna in buɗe. Tuwon taron maza, ni kaɗai, bayan kuma na riga na ci na mutane. In tura, in huta, in sake turawa, har numfashi ya yi mini wuya. In suɗe akushi tas. Ina tafiya ina shirya abin da zan faɗa.

"Malam, an yi santi?"

"An yi mana. Dillali cewa ya yi zai sayar da akuyarsa ya sayi mota."

Ta yi dariya. Ni kuma in shiga ɗaki in kwanta rigingine, ciki kamar ganga. Abu ɗaya nake tsaro a lokacin, kada ta san sun daina ci. Cutar ban iya mata komai ba. Wannan kam na ɗauka zan iya.

Sau ɗaya na gwada wata dabara. Na je rumfar nan ta bakin tasha, karon farko a rayuwata, na sayi tuwo a kwanon mai tuwon, na ɓoye akushina a kango, na kai musu. Na ce, "Wannan na tasha ne, wanda kuke ci ranar Juma'a a ɓoye. Shi ma kun ƙoshi?" Mahauci ya yi dariyar yaƙe, suka sa hannu. Ina kallo. Kowa ya ci gabansa, amma inda hannuna ya taɓa, da abin da yake kusa da shi, sai aka zagaye aka bar mini, kamar tsibiri a tsakiyar kogi. Sai na tuna kwana biyu haka ake yi a kowane akushi, ni ne ban lura ba. Ashe ba tuwonta kaɗai aka ƙoshi da shi ba.

Duk da haka ban fasa fita ba, don in na zauna a gida za ta tambaya. Na daina zuwa dakalin ne kawai. Daga masallaci sai gida, daga gida sai kango.

Wani almuru na miƙa mata akushi, ta ɗaga faifai, ba ta yi tambayar ba. Ta karkata shi wajen hasken aci-balbal ta ce, "Malam, zo ka gani."

Na ce, "Me zan gani? An cinye."

Ta ce, "Tun ina yarinya nake wanke akushin maza. In taro ya ci, kowa gabansa yake ci, su haɗu a tsakiya. Sawun yatsu ta kowane gefe yake zuwa. Dubi wannan. Daga nan aka faro, aka bi har can. Hannu ɗaya ne. Kuma na san hannun."

Na leƙa akushin. Wai ni mai aji biyu, ni mai dabara. Ko juya akushin ban taɓa tunanin yi ba.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Shi ne kika bar ni ina ta zuba?"

Ta ce, "To ai santin naka yana ba ni dariya. Sai dai ka fara maimaitawa. Na kifin nan mai ƙishirwa shekaranjiya ka sake ba ni shi, ka ce liman ne."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki akushi ta je ta wanke.

Kashegari ta tuƙa kaɗan. Da na shigo ɗauka sai na ga ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, akushi a tsakiya. Ta ce, "Zauna can, ni in zauna nan. Ko sau ɗaya a ci shi ta gefe biyu." Shekara da shekaru muna tare ban taɓa ganin ta kai loma baki ba, mace ba ta ci gaban miji, balle kwano ɗaya. Na zauna. Ta sa hannun nan mai ƙuna, na sa nawa. Muka haɗu a tsakiya. Na so in yi mata santi, na buɗe baki na ce wai ina ganin bana gada za ta ƙara tsawo. Ta girgiza kai ta ce, "Bari, Malam. Ba a yin sa da gangan."

Haka muka riƙa ci har kaka. Sannan yatsu biyu suka fara lanƙwashewa, muciya ta riƙa suɓuce mata. Wanta ya zo daga Achika, muka kai ta wurin da Turawan mishan suke ajiye masu irin wannan ciwo. Direban da na sha gyara wa keken ɗansa ya ce mota ta cika. A kan jaki muka fita da ita, ta lulluɓe har ido. Ranar ce ta fara ganin dakalin gidan liman. Ta ce, "Au, ɗan wannan ne?"

Ina zuwa duba ta in na samu hali. Ƙwaya suke ba su, kuma ba zan yi ƙarya ba, ƙwayar tana aiki. Bara wani ma'aikacin wurin ya ce mini ciwon ya mutu a jikinta, ba za ta sa wa kowa ba, in na so in tafi da ita. Na same ta a gindin bishiya tana tsince wake da tafin hannu. Na ce ta tashi mu tafi gida.

Ta ce, "In je in dafa wa wa?"

Na ce, "Ni."

Ta ce, "Kai ai ko ƙasa na dama za ka ce ta yi daɗi. A nan ina kaɗa wa mata miya, mu zauna mu zagaye kwano, ba mai ƙoshi. Jiya wata har cewa ta yi za ta auri mai gadin ƙofa." Ta yi dariyar nan tata, ta rufe baki da gefen zane. Sannan ta ce in gaida gida, alhali ta san ba kowa a gidan.

Na dawo ni kaɗai. Na tsaya na faɗa wa liman abin da ma'aikacin ya ce. Ya ce, "Masha Allahu, Allah ya ƙara sauƙi." Bai ce in fito da akushi ba. Mahauci kuwa har yanzu yana kawo mini kekensa, ya tsaya daga nesa yana ba'a. Yatsuna goma ga su nan, ko tabo babu, duk shekarun nan. Ba wanda ya taɓa zuwa ya duba.

Mai tuwo-tuwo ba ta da laifi, sana'a take. Miyarta ruwa ce da gishiri, a kaɗa kuka a kai don ta yi duhu, tuwon kuma rabinsa dusa. Ban taɓa jin wani ya yi santi a rumfar nan ba, kowa turawa yake ya tashi kafin mota ta tafi ta bar shi. Ta ware mini kwanona, wani mai ɓalgataccen baki, tana soke shi a jinkar rumfa. Ba ta haɗa shi da saura wajen wanki, ni nake ɗauraye abina. Ba ta faɗi dalili ba, ban tambaya ba.

Akushin yana rataye a ɗaki, ya fara tsagewa don rashin mai. Amma wani abu ya bi mini hannu tun daga ranar nan. In ina ci sai in ga ina juya kwano, in ɗiba ta nan, in juya, in ɗiba ta can, har in kai tsakiya. Wani yaron mota ya taɓa tambayata ko magani ne. Na ce masa ya ci gabansa ya ƙyale ni. In na gama nakan leƙa, sawun yatsu ta kowane gefe, kamar taro ne ya ci. Sai in zuba ruwa in wanke, in mayar da shi jinka.