'Yar Kujerar Malama Sauko

Mai gadi bai gama buɗe ƙofar makaranta ba take isowa, jaka a kafaɗa, bokiti a hannu. Ba ta ko leƙa ofishin malamai, sai ta zarce ɗakin da ke can ƙarshen baranda, wanda a da ake jibge karyayyun tebura a ciki. Ta buɗe tagogi, ta kakkaɓe katifar gadon ƙarfen nan guda ɗaya tilo, ta ja zanen gado har sai ya miƙe sumul, ta cika bokiti, ta ajiye sabulu. Daga ƙarshe ta jawo wata 'yar kujera mai gajerun ƙafafu ta ajiye a gefen gadon. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka, ƙarshen watan nan kuma za ta yi ritaya.

Kiwon lafiya da kula da mutane take koya wa ɗalibanmu na sakandare: wanke hannu, ɗaure rauni, ɗaga tsoho daga gado, shayar da mara lafiya. Ni kimiyya nake koyarwa, bango ɗaya ya raba ɗakin gwaje-gwajena da nata. Gara in faɗi gaskiya tun da wuri: na yi shekaru ina jin kishin matar nan, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai gama sakina ba.

Ku ma ku duba mini. Ni ake turo wa yara masu kai, ita ake tura wa waɗanda lissafi ya kayar. Amma nawa da jan ƙafa suke shigowa, nata da gudu. Ina fama da alli a allo, dariyarsu na ratso bango tana shiga kunnena. Ko laƙabi ni ban samu ba. Ita kuwa Malama Sauko suke ce mata, don duk ɗalibin da ya tsaya ƙiƙam a kan wanda ke kwance, kalma ɗaya take jefa masa: "Sauko." Wato ya zauna a 'yar kujerar nan, idonsa ya daidaita da na mara lafiya, ya faɗa masa abin da zai yi kafin ya taɓa shi.

Tana da wata dabara da ta fi ba ni haushi. Kowane ɗalibi sai ya kwanta a gadon, an ɗaure masa hannu ɗaya da gyale, wani ya tsaya a kansa yana tura masa cokali yana hira da na gefe. Sannan a sake, wannan karon daga kan kujera. Sai ta tambayi na kwance, "To, wanne ka fi so a yi wa kakarka?" Ni na ce wasan 'yar tsana ne, na kuma faɗa a ofis kowa na ji. Takarda uku na rubuta wa shugaban makaranta ina roƙon a ba ni ɗakin in faɗaɗa nawa.

Bara mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki. A asibiti, ma'aikaciyar jinyar da ke juya ta a gado ta ɗago ta gan ni, ta washe baki. Tsohuwar ɗalibarmu ce, shekara uku na koyar da ita. Na gyara tsayuwa ina jiran yabo, sai ta ce, "Malama! Don Allah ina Malama Sauko? Ki ce mata kullum sai na tuna ta." Na ce zan faɗa mata. Ban faɗa ba.

Da muka dawo gida, Umma ta rufe baki. Na dafa mai laushi, na dama mai ruwa-ruwa, na lallaɓa, na yi faɗa. Ina kawo cokali sai ta kau da kai. Kwana tara tana ramewa a idona. Likita ya ce in ba ta fara ci ba kafin ƙarshen mako, sai dai a saka mata roba ta hanci, abin da ta sha roƙonmu tun tana lafiya kada mu bari a yi mata.

Ran nan Malama Sauko ta zo dubiya. Ta same ni tsaye a kan Umma da kofi, ina ce wa ƙanwata, "Kin gani ko? Yau ma ta ƙi."

"Wa kike gaya wa?" in ji Malama.

"Ƙanwata mana."

"Ga mai bakin a kwance, kina ba da labarinta a kanta? Sauko."

A gidanmu, a gaban uwata, ta ce mini sauko! Raina ya ɓaci, na miƙa mata kofin, a zuciyata ina cewa bari mu ga iyawarki. Ta kife bokitin wanki ta zauna a kai, ta ɓangaren da jikin Umma ke da lafiya.

"Umma, ni abokiyar aikin 'yarki ce. In riƙe kafaɗarki in ɗan ɗaga ki?"

Umma ta daɗe tana kallon ta, sannan ta gyaɗa kai.

"Shayi kike so, ko ruwa?"

"Shayi," in ji Umma, da harshenta mai nauyi. Kwana tara ba wanda ya tambaye ta komai. Cokali bakwai ta sha, na ƙirga. Na shige kicin na yi kuka, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, rabin kukan nan na kishi ne. Uwata ce fa, ta ƙi hannuna ta karɓi na baƙuwa.

Ranar Litinin na shiga ajinta, na kwanta a gadon ƙarfen nan da furfurata, aka ɗaure mini hannu. Wata ɗaliba ta tsaya a kaina da cokali tana ce wa ƙawarta, "Wannan ai ba ta ci." Ban san lokacin da na datse haƙora ba.

Malama, ke ce kika ɗauki yaran da muka raina kika mai da su waɗanda muke nema ranar da jiki ya ƙi. Ke ce kika ji duk abin da na faɗa a ofis, amma kika zo gidanmu ba ki ɗaga zancen ba. Uwar marasa ƙarfi, na gode. Allah ya ba ki masu saukowa a ranar da kike buƙata. Na je wurin shugaban makaranta na karɓo takarduna uku, na ce a bar ɗakin yadda yake, a nemo wadda za ta gaje ki. Ku kuma masu jinya a gida, ku nemi abin zama mai gajerun ƙafafu, ko bokiti ne, ku tambayi na kwance kafin ku taɓa shi.

Ba a saka wa Umma roba ba. Yanzu daga hannuna take ci, ina zaune a kan bokitin nan. Jiya ta shanye kofi guda, ta dube ni ta ce, "Kin fara iyawa." Har na fara murmushi, sai ta ƙara da cewa, "Amma ita ta fi ki."

Na goge mata baki na ce, "Na sani, Umma."