Kuɗin da na tsinta a ƙarƙashin katifar Inna

Jama'a, yau na kusa kyautar da kuɗin sallamar Inna da hannuna!

Kun san tun jiya aka sallame ta a asibitin nan na Gusau, amma an ce ba fita sai an biya kuɗin aiki. Mu kuwa ba mu da inshorar nan ta ma'aikata. Ko abinci na kasa ci.

Ɗazu ina gyara mata gado tana banɗaki, na ɗaga katifa. Sai ga ƙullin kuɗi cikin tsohon kallabi! Na ce wata marar lafiya ce ta manta. Tsintuwa kuwa ba a cin ta sai an yi cigiya.

Na bi gado-gado ina tambaya. Kowa ta ce ba nata ba ne. Wata tsohuwa ta ce, "In babu mai so, ni ina so!" Har na miƙa wa nas, sai ga Inna tana dafa bango.

"Ke Hadiza, mi kallabina ka yi hannun malama?"

Ashe masu dubiya daga Tsafe da Bungudu ne suke ba ta, tana tarawa!

Nas ta ƙirga, ta ce sun isa. Na ce, "Inna, kin tabbata duk naki ne?"

Ta ce, "Biya mu tai gida, 'yar nan. Ki ƙarasa cigiyar cikin mota."