Baƙuwar da Aka Ɓoye wa Firij

Shekarar da nake ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, aka kawo mana baƙuwa gidanmu na unguwar Poumpoumré. Baturiya ce, ɗalibar jami'a, cikin wasu ɗalibai da aka turo Garwa su yi 'yan makonni wai su karanci rayuwar mutanen ƙasashe masu zafi. Kawuna, ƙanin Inna, shi ya samu aikin raba su gidaje. Mutum ne da bai taɓa riƙe sana'a ɗaya ta kai shekara ba, amma in ya ga farar fata har Faransancinsa wani lanƙwasa yake yi.

Ana gobe za ta zo ya shigo ya zagaya gidan yana girgiza kai. Ya ce firij ba zai zauna a falo ba, haka talabijin da fanka. Inna ta tambaye shi dalili.

"Adda, mutanen nan ba su ƙetaro teku don su kalli firij ba," in ji shi. "Suna da shi a gidajensu. Gargajiya suke so."

Inna ba ta iya hana ƙanin nan nata komai. Aka kwashe kayan zuwa ɗakin ajiya, aka jona firij a can, aka aro turmi a maƙwabta, domin mu tun ina ƙarama inji muke kai niƙa.

Ni aka haɗa da baƙuwar, saboda Inna ba ta jin Faransanci. Yarinyar ba ta da mugun hali, sai dai duk abin da ta gani sai ta dafe ƙirji. Ta ga Inna na daka, gumi na tsiyaya, ta ce ba ta taɓa ganin matalauta masu farin ciki irinmu ba. Na fassara. Inna, mai shagon atamfa a babbar kasuwa, wadda ta sauke farali tun kafin a haife ni, ta share fuska ta ce in ce mata an gode.

Kawu kuwa ya samu fili. Ya kai ta bakin kogin Binuwai kallon dorina, ya gaya mata wai dorinar kakar zuriyarmu ce, ba ma aure sai mun nemi izininta. Mu da kakanninmu fatake ne daga Kano. Ina tsaye ta rubuta wannan, har tana neman ya maimaita.

Lokacin bazara ne, kuma wanda ya san Garwa ya san abin da nake nufi. Wata rana ta ƙi hawa moto, babur ɗin haya, daga kasuwa, wai tana so ta taka kamar kowa, alhali babu mai hankalin da ke takawa da tsakar rana. A zaure ta zube. Inna ba ta nemi shawarar kowa ba, ta ce mu kai ta ɗakin ajiya. Aka kunna mata fanka, aka ba ta zoɓo mai ƙanƙara.

Da ta farfaɗo ta yi ta bin kayan da kallo. Na gaya mata komai, har da zancen dorina. Na ɗauka za ta yi fushi, ko ta yi dariya mu zama ƙawaye. Sai kawai ta tambaye ni ko za a iya barin kayan a nan har ta gama ɗaukar hotuna, don ta kusa kammala rahotonta, sauyawa yanzu zai yi wuya.

Da na gaya wa Inna, ta daɗe tana kallonta.

"Ashe ita ma 'yar kasuwa ce," ta ce. "To ta nemi mai yi mata daka. Ni na gama."

Ranar aka mayar da firij falo. Baƙuwar ta ci gaba da hotunanta, tana karkata yadda ba zai fito ba. Kawu ya samo wata tsohuwa a bayan layi ta riƙe taɓarya.

A wani otal mai sanyi aka yi musu walimar bankwana. Ta tashi ta ce Garwa ta sauya mata rayuwa, ta koyi cewa mutum ba ya bukatar komai. Ta yi hawaye, Kawu ya fi kowa tafi.

Yanzu yana da ofis a hanyar filin jirgi, da mota, duk shekara ana turo masa sababbin baƙi. Har a rediyo ana gayyatarsa a matsayin masanin al'adu. In mun haɗu a biki nakan durƙusa in gaishe shi, don kawuna ne.